Wa ke da littafi mai aljanu amma ba na sarakuna ba?

Mai Karatun Dare: Salam jama'a, don Allah a ba ni shawarar littafi mai aljanu a zamanin da, na gaji da na sarakuna da takubba wallahi

Anti Tela: Wa'alaikumussalam ƙanena. Nemi The Golem and the Jinni na Helene Wecker. New York ne a 1899, wata mace aka ƙera da yumɓu, golem kenan a tatsuniyar Yahudawa, mijin da aka yi ta dominsa ya mutu a jirgin ruwa kafin su iso, ta sauka ba ta san kowa ba har ta samu aiki a gidan burodi, ba ta barci ba ta gajiya sai dai ta dinga rage sauri kar a gane ta. Shi kuma aljanin daga butar tagulla ya fito a shagon maƙeri a unguwar 'yan Siriya

Na Ƙarshen Layi: Aljani a buta kuma? ai wannan namu ne 😂

Malama Babba: Wancan yana da jan jiki, ni sai da na ajiye shi sau biyu. In kana son mai zafi karanta Burning Girls na Veronica Schanoes, gajere ne, dare ɗaya ka gama. Amma fa ka shirya, gobarar masana'antar riguna ta Triangle a New York ce ƙarshensa, abin da ya faru da gaske ranar 25 ga Maris 1911, mutum 146 suka mutu yawanci 'yan mata Yahudawa da 'yan Italiya, an kulle ƙofa wai kar a saci kaya

Anti Tela: Innalillahi. Malama ni abin da ya tsaya min a rai, wasu masu shagunan har kuɗin allura da zare suke cirewa a albashin yaran. Na taɓa ɗinki a ƙarƙashin wani haka, allura ta karye a lissafa maka. Shi ya sa na ji daɗin labarin Clara Lemlich, yarinya mai ɗinki 'yar shekara 23 ta miƙe a taron ma'aikata a New York a 1909 ta yi magana da Yiddish, yaren Yahudawan Turai, kashegari dubbai suka bar keke, yajin ya kai wajen mutum 20,000

Malama Babba: To ke When the Angels Left the Old Country na Sacha Lamb zai miki. Mala'ika da wani ɗan aljani abokan karatu ne a ƙauye, suka biyo sahun wata yarinya da aka daina jin ɗuriyarta a Amurka, sai ga su tsundum cikin yajin aiki

Mai Karatun Dare: Na gode Anti, na gode Malama. Da gajeren zan fara, data ta kusa ƙarewa