Wai ƙarfe na haɗewa da ƙarfe ba wuta?

Mai walda: Jama'a wani ne ke ce min wai a sararin samaniya in ƙarfe biyu suka taɓa juna sai su manne kamar an yi musu walda. Wlh ban yarda ba, in ƙarfe bai narke ba me zai haɗa shi?

Ɗalibar injiniya: Oga gaskiya ne fa amma da sharaɗi. A nan duniya iskar oksijin ce ke yi wa ƙarfe wata 'yar fata a sama, alminiyom ko ka kankare shi nan take take dawowa, ga maiƙo ga ƙura. In fatar nan ta goge a inda babu iska ba ta dawowa, sai atom ɗin wannan, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi ƙarfen, su kama na wancan su zama abu guda.

Mai gyaran lantarki: To in haka ne me ya hana kumbo duk su manne? Ana zuzuta abin nan da yawa.

Malamin kimiyya: Kai ma kana da gaskiya ɗan'uwa, taɓawa kawai ba ta isa, ai ƙarfen ya tafi da fatarsa tun daga ƙasa, sai an samu gugar juna ko matsi. Amma yana faruwa. Kumbon Galileo da hukumar sararin samaniyar Amurka NASA ta harba a 1989 zuwa duniyar Jufita, a 1991 babbar eriyarsa mai kamar lema ta ƙi buɗewa, haƙarƙari 3 cikin 18 suka maƙale, masana suka ce man da aka shafa ne ya goge ƙarfe ya ciji ƙarfe, dole aka koma aiko bayanai da ƙaramar eriya.

Mai walda: Malam wannan ai maƙalewa ce ba walda ba.

Ɗalibar injiniya: To bar sama Oga, dawo ƙasa. Kamfanonin ƙera wayar lantarki na da inji da ke matse bakin wayar tagulla biyu har fatar ta fashe ta fito gefe, su haɗe ba wuta ba narkewa, har tagulla da alminiyom ana haɗawa a haka. Tun 1724 wani masanin kimiyya mai suna Desaguliers ya matse dunƙulen dalma biyu ya murɗa suka kama juna.

Mai walda: Dalma da tagulla ai masu laushi ne ƙanwata. Baƙin ƙarfen da nake aiki da shi fa?

Malamin kimiyya: Shi kam yana da tauri, matsi kaɗai da wuya ya haɗa shi, injinka na nan da aikinsa.