Wane suna za mu ba dinyar da ta saki hanya?

Assalamu alaikum, malamai da masu sha'awar harshe. Kalma nake nema.

Masu kallon tsuntsaye a Turai da Amurka suna kiran tsuntsun da ya ɓulla inda danginsa ba sa zuwa da "vagrant". An fi jin kalmar a bakinsu daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, lokacin da ƙanƙara ke koro dinyoyi daga ƙuryar arewa. Mutum zai kafa madubin hangen nesa a bakin fadama ko gona, sanyi na ratsa shi, ya yi ta bin dubban dinyoyi ɗaya bayan ɗaya don neman guda ɗaya tak wadda ba irinsu ba.

Ga misali, don mu san abin da muke raɗa wa suna. Akwai dinya mai jan ƙirji da ke ƙyanƙyasa a yankin Taimir na arewacin Saiberiya, ta yi hunturu a gaɓar Bahar Aswad, wajen Bulgeriya da Romaniya. Amma kusan kowace shekara sai an tsinci ɗaya ko biyu a Holan ko Ingila, sun saje cikin garken wasu dinyoyin dabam. Haka dinya mai ƙafa ruwan hoda: daga Aisilan da Girinlan take tasowa ta sauka Birtaniya, amma jefi-jefi akan gan ta a gabashin Amurka tana kiwo tare da dinyoyin Kanada.

Fassarar ƙamus ita ce 'yar gantali. Wannan na jefar da ita tun farko. Gantali zagi ne, yawo ne ba dalili, alhali wannan baiwar Allah tafiya ta ɗauko mai manufa, masauki kawai ta kuskure.

Wani malami ya ce mini a ce baƙuwa. Allah ya gafarta Malam, ai duk garken baƙi ne. Dubban da ta shige cikinsu ma zuwa suka yi, bazara na yi za su koma. In mun kira ta baƙuwa, su kuma mu kira su me? Ɓatacciya kuwa tana da harshen damo, kunne na iya jin ta kamar wadda ta lalace.

Ni inda na tsaya shi ne ɓatan kai. Dinyar ɓatan-kai, jam'i dinyoyin ɓatan-kai, kuma ya hau kan kowane tsuntsu: tsuntsun ɓatan-kai. Dalilina yana cikin halin dinyar kanta. Ƙananan tsuntsaye da yawa da sanin alƙibla ake ƙyanƙyashe su, su kaɗai suke tafiyar farko cikin dare. Dinya ba haka take ba. 'Ya'yan bana bin iyaye suke yi, a bayansu suke koyon hanya da wuraren yada zango, kuma ba sa rabuwa da su duk tsawon hunturun farko. To idan guguwa ko harbin maharba ya raba ƙarama da iyayenta, sai ta bi duk ayarin da ta tarar, ya kai ta inda shi ya nufa. Wannan ai shi ne ɓatan kai: hanya tana nan, mai tafiya ce ta kasa gane ta.

Na san abin da za a ce: wasunsu sukan dawo wuri guda shekara da shekaru, to wadda ta san hanya haka har yanzu ɓatan kai take yi? Gaskiya ne, akwai wannan. Amma sunan asalin zuwanta yake faɗa, ba halin da take ciki yau ba.

Kada a raina lamarin. A Disambar 1945 Peter Scott, wani Bature masanin tsuntsaye, ya hango dinyoyin ɓatan-kai guda biyu na ƙaramin jinsin dinya mai farin goshi a Slimbridge, bakin kogin Severn a Ingila, cikin garken 'yan'uwansu na babban jinsin. Abin da ke bambanta su ɗan kaɗan ne: zoben rawaya a kewayen ido, gajeren baki, da farin goshin da ya hau har kusan tsakar ka. Ganin nan ne ya sa ya kafa cibiyar kula da tsuntsayen ruwa a wurin a 1946, tana nan har gobe.

Saura kalma ɗaya da ke tafiya tare da wannan. Ba kowace dinyar da ba a saba gani ba ce ta ƙetaro teku. Wata daga gidan masu kiwon tsuntsayen ado ta tsere. Masu kallo sukan duba zoben ƙafa, da ko tana tsoron mutane, da garken da ta zo tare da shi, kafin su yarda. Ita wannan na ce a kira ta gudaddiya, sai dai bai zauna mini a baki kamar ɓatan-kai ba. Mai wadda ta fi ta, bismillah.