Neman shawara: tallan fina-finai ya firgita min yarinya a sinima

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Da hutun sallah maigida ya kai mu sinima ni da yara kallon katun. Gaskiya wurin ya burge ni, kujeru masu laushi, ga sanyi har sai da na lulluɓe ƙaramar da mayafina, sautin kuwa har cikin ƙirji ake jin sa. Kowa da iyalinsa da gugguru a hannu, ba hayaniya.

Ana kashe fitila sai aka fara jero tallan fina-finan da ke tafe. Na farko lafiya lau. Na biyun na ban tsoro ne, wata mata tana rarrafe a jikin bango, ga ƙara mai razanarwa. Yarinyar ta ƙanƙame ni tana rawar jiki, har yau sai da fitila take barci. Sai kuma aka sako na wani fim ɗin Indiya na tarihi, da dawaki da giwaye, yayanta ya matsa lallai mu koma in ya fito. Ni ma raina ya biya. To ta yaya ake gane fim ya dace da yara daga tirela, wato ɗan gajeren tallan da ake nunawa? Kuma ya zan kauce wa irin wancan tallan?

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah sarki, Allah ya yaye mata. Ki riƙa tofa mata Falaƙi da Nasi in za ta kwanta. Mu dabararmu, mu yanki tikiti da wuri amma mu zauna a waje, mu roƙi mai duba tikiti ya yi mana magana in an gama talla. Yawanci minti 10 zuwa 15 ne.

Malamin makaranta:
Hajiya, kada ki yanke hukunci da tirela. Minti 2 ko 3 ne aka tsinto daga fim mai awa 2, na Indiya ma yakan kai awa 3. Abin da zai sa ku sayi tikiti shi ake nunawa, dawakin za ki gani, amma sare-saren da rawar da za ta sa ki sunkuyar da kai gaban yara suna ciki a ɓoye. Ki dubi alamar shekaru a jikin fastar fim ɗin. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, NFVCB, wadda aka kafa a 1993, tana sa G, PG, 12, 12A, 15 ko 18. G na kowa ne, PG sai da kulawar iyaye. Sannan ki sami manajan wurin ki yi masa magana cikin mutunci. Tallan fim ɗin manya a gaban katun bai dace ba, kuma in iyaye suka yi shiru ba za a daina ba.

Baba Alhaji:
'Yata, mu da muka ga zamanin Plaza da Orion da Eldorado a Kano, sinima ba rufi, sai dare ya yi, kuma a kira mutum ɗan sinima zagi ne. Na san yanzu an canja. Duk da haka ni dai maigidanki ya fara zuwa shi kaɗai ya gani da idonsa. Ku kuma lura da lokaci, dogon fim in aka fara shi bayan La'asar zai cinye muku Magariba.

Maman 'Yan Biyu:
Gaskiya ne Baba, sai dai kuɗin tikiti sau biyu ba kowa zai iya ba. Ta jira fim ɗin ya yi mako guda, ta tambayi waɗanda suka kalla, ta duba sharhinsa a YouTube.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, yaron shekararsa 11. In an sa 12A fa?

Malamin makaranta:
Zai iya shiga in yana tare da babba. Amma ƙaramar ki bar ta wurin kakarta ranar, tunda ba ta gama wartsakewa ba.