Kundin Ronnie Dunn shi kaɗai: ni ne kawai nake jin da saura?

Telan Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne a nan Katsina, kuma tun zamanin kaset nake sauraron waƙoƙin kantiri na Amurka. Don Williams na fara ji a shagon maigidana ina ɗan koyo. Kwanan nan yaron da ke tura mini waƙoƙi a memori ya sa mini kundin Ronnie Dunn na 2011, wanda ya yi shi kaɗai bayan sun rabu da abokin waƙarsa Kix Brooks a 2010. Shekara kusan 20 fa suna tare. Muryar tana nan daram, wallahi har tsigar jikina takan tashi idan ya ja ta sama. Amma ina taka keke ina saurare, sai in ji waƙar ba ta cika mini kunne yadda na saba ba. Kunnena ne, ko ku ma kun ji haka?

Baban Hajara, Daura:
Wa alaikumus salam. Malam, kunnenka lafiya lau. Gaskiya ne Dunn ke jan yawancin waƙoƙinsu, shi ya sa mutane ke raina aikin Brooks. To amma Brooks ɗin ne ke tallafe shi da murya ta biyu, suna rubutu tare, kuma shi ke zagaye dandali yana tayar da jama'a. Ka tuna marigayi Shata: yana jefa baiti 'yan amshi su cafe, shi kuma ya numfasa ya ɗauko na gaba. Wannan cafewar ce ka rasa.

'Yar Ƙofar Soro:
Baba, a yi mini afuwa, ban yarda duka ba. Dolly Parton ta yi waƙa da Porter Wagoner daga 1967 zuwa 1974, kuma sai da ta bar shi duniya ta san ta sosai. Wynonna Judd ma da mahaifiyarta Naomi suke waƙa, ciwon hanta ya zaunar da uwar a 1991, ita ta fitar da nata kundin a 1992, ya kuma karɓu ƙwarai. Can muryarta ta fito fili, ba mai rufe ta. A gida ma Ɗan Maraya Jos daga shi sai kuntiginsa. Sabo ne ke damunku.

Telan Ƙofar Ƙaura:
'Yata, kin kawo hujja, amma Dolly tana da ƙuruciya ta tafi, shi kuwa Dunn ya haura 50, kunnuwanmu sun riga sun ɗaure su tare. Su kansu ai sun dawo a 2015, suka riƙa wasa a Las Vegas tare da Reba McEntire. Na Wynonna ɗin dai zan sa yaron ya nemo mini gobe in Allah ya kai mu, in ji da kunnena.