Bidiyon wasa yana fita da dishi-dishi ko yana cijewa: me kuka gyara ya daidaita?

Ɗan Agege

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son waɗanda suka daɗe suna naɗar wasa a kwamfuta su zubo mana abin da suka gwada ya yi aiki. Matsalar iri biyu ce. Ta farko, lokacin wasan komai tas a kan allo, amma da ka buɗe bidiyon sai ka ga ciyawar fili a eFootball ta koma kamar an watsa koren fenti, musamman idan kyamara ta bi doguwar ƙwallo. Ta biyu, hoton da kyau amma yana cijewa, ya tsaya ya yi tsalle. Na'urar laftop ce tokumbo, Core i5, RAM 8GB, katin hoto GTX 1650, manhajar naɗi kuma OBS Studio. Don Allah a ba mu lambobi, kada a ce mana "ƙara kwaliti" kawai.

Mai Gyara, Ikeja

Wa alaikumus salam. Cuta biyu ka lissafa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Bari in ɗauki cijewar.

Kafin ka taɓa komai, shiga View a OBS ka buɗe Stats, ka fara naɗa, ka buga wasa na minti biyar, sannan ka dawo ka duba. Akwai layin da yake ƙirga firem, wato hotunan da suke jeruwa su zama bidiyo, da suka ɓace wajen zana hoto, akwai wanda yake ƙirga waɗanda aka tsallake wajen matse bidiyo. Layin da ya shafi intanet na masu watsa wasa kai tsaye ne, babu ruwanka da shi.

Idan layin farko ne yake hawa, katin hoto ne ya cika maƙil. Wasan ya cinye kashi 99 ko 100 na ƙarfinsa, OBS kuma yana buƙatar ɗan gurbi ya haɗa hotonsa, bai samu ba. Sai ka ƙayyade firem na wasan a 60 a daƙiƙa daga cikin saitin wasan, ka rage inuwa da kyallin haske da mataki ɗaya, har ka ga aikin katin ya sauko wajen kashi 85 zuwa 90. Sannan ka riƙa buɗe OBS a matsayin admin, domin Windows tana ba shi fifiko a kan katin hoto idan aka buɗe shi haka. Mai allon 144Hz kuwa, wato mai sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa, ya ƙayyade a 120 ko 60. Dalili, 144 ba ya rabuwa daidai da 60, shi ya sa bidiyon yake ɗan karkarwa ko da Stats ya nuna babu firem ɗin da ya ɓace.

Idan layi na biyu ne, furosesa aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinsa. Canja enkoda, wato mai matse bidiyon, daga x264 mai aiki da furosesa zuwa NVENC. NVENC wani ɓangare ne na daban a cikin katin NVIDIA, aikinsa kenan matse bidiyo, ba ya cin rabon wasan sai kaɗan.

Mai Tace Bidiyo, Obalende

Malam Mai Gyara ya gama da cijewa, ni in yi maganar ciyawa.

Mafi yawan bidiyon da ake kawo mini da wannan dishi-dishin, dalili ɗaya ne: an bar OBS a saitin da ya zo da shi, inda ingancin naɗi yake bin na watsawa kai tsaye, wato Same as stream. OBS kuwa ya daɗe yana farawa da bitret 2500 Kbps, wato yawan bayanan da ake ba bidiyo a kowace daƙiƙa. Ku yi lissafi da kanku. A raba 2500 gida 60, kowane firem ya tashi da kusan kilobit 42, wato kilobait 5 kacal, alhali hoton 1920×1080 ɗigo sama da miliyan biyu ne. Idan 'yan wasa suna tsaye ana jiran bugun kusurwa, enkoda yana kwafo abin da bai canja ba daga firem na baya, sai hoton ya yi kyau. Da kyamara ta zabura, kowane ganyen ciyawa ya sauya wuri, kilobait 5 ba za su ɗauke su ba, sai ya dame su wuri guda. Hayaƙi da ruwan sama a GTA V ko Call of Duty ma haka suke yi.

Gyaran: Settings, Output, ka mayar da shi Advanced, ka shiga shafin Recording. Enkoda NVENC H.264. Wurin da aka sa CBR ka canja zuwa CQP. CBR, wato bitret tsayayye, na masu watsawa ne, domin layin intanet yana son ma'auni ɗaya ba hawa ba sauka. Kai da kake ajiyewa a disk ba ka da wannan takurar. CQP yana riƙe inganci ne, ya bar girman fayil ya yi ta hawa da sauka yadda hoton ya buƙata. Lambar a juye take: ƙarama ta fi kyau, ta fi nauyi. Ni 18 nake sawa idan zan tace bidiyon daga baya, 20 zuwa 22 idan wuri ya yi ƙaranci. Ƙasa da 15 asarar disk ce kawai, ido ba zai bambance ba. Tazarar kifirem, wato firem mai cikakken hoto, daƙiƙa 2.

Wanda ba ya son shiga Advanced, ya tsaya a Simple ya zaɓi High Quality, Medium File Size. Shi ma inganci yake bi, ba bitret ba.

Abu ɗaya kuma da ake mantawa: a cikin wasan ka kashe film grain da motion blur. Wancan yashin da ake watsa wa hoto don ya yi kama da fim, enkoda yana ɗaukarsa abu mai muhimmanci ne, ya yi ta ɓarnar bitret a kansa.

Auta, Mile 12

Yaya, ni tawa an rubuta NVIDIA a jikinta amma NVENC bai fito a jerin ba sam. MX250 ce. An cuce ni ne a wurin saye?

Mai Gyara, Ikeja

Ba a cuce ka ba Auta, haka aka ƙera ta. MX150, MX250, MX350 da GT 1030 duk ba su da NVENC. Masu zuwa kasuwar Computer Village ta Ikeja neman na'ura don wannan aikin su riƙe wannan: tambarin kore a jikin laftop bai isa ba, a duba sunan katin, GTX ko RTX ake nema. RTX 40 zuwa sama har da sabon tsarin AV1 suna matsewa.

Amma ba ka rasa komai ba. Furosesan Intel ɗinka yana da QuickSync, zaɓe shi a jerin enkoda. Wasan ya hau kan MX250, matsewa ta hau kan Intel, an raba aiki kenan. Ka sauke girman fitarwa zuwa 1280×720, tacewar ragewa Lanczos ko Bicubic. Bidiyon 720 mai tafiya sumul ya fi 1080 mai tuntuɓe nesa ba kusa ba. Idan allonka 1366×768 ne, kada ka yaudari kanka da sa 1080 a fitarwa, miƙe hoton kawai za a yi kamar roba.

Kuma buɗe Task Manager ka ga ko RAM ɗinka sanda ɗaya ce. Sanda biyu masu girma ɗaya suna ninka faɗin hanyar da bayanai suke bi, kuma katin Intel na ciki da RAM ɗin yake aiki, ba shi da nasa.

Baban Khalifa, Idi-Araba

Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma ku sa yanayin garin nan na Legas a lissafi.

Na ɗaya, wuta. Wanda yake kan destop babu UPS, na'urar da take riƙe wuta in an ɗauke, kada ya kuskura ya naɗa a MP4. Shi MP4 sai an danna tsayawa yake rubuta jadawalin da ke nuna inda kowane firem yake. Aka ɗauke wuta kafin nan, fayil yana nan da nauyinsa, gigabait 6 ko 7, amma ba ya buɗuwa. A sa MKV. Shi ko a tsakiya aka yanke, abin da aka riga aka rubuta yana nan. In an gama, File, Remux Recordings, cikin daƙiƙoƙi ya koma MP4 ba tare da inganci ya ragu ba, domin mazubi kawai aka sauya.

Na biyu, laftop da ta koma kan batir tana rage wa kanta ƙarfi nan take. Shi ya sa za ka ga rabin farko lafiya, daidai lokacin da ake kunna janareta bidiyon ya fara cijewa. In caja ba ta jone, a haƙura.

Na uku, zafi. Idan minti goma na farko lafiya lau, daga nan abin ya fara lalacewa, ba saiti ba ne. Sa manhajar HWiNFO ko MSI Afterburner ka duba zafin. Furosesa da ya haura digiri 90 ya doshi 95 zai fara rage gudu don ya tsira. A kwance laftop ɗin, a cire ƙurar da ta toshe bakin fanka kamar auduga, a goge tsohon man sanyaya da ya bushe a sa sabo kamar ƙwayar wake, a ɗaga bayanta daga kan tebur. A kan katifa kuwa ko a mafarki.

Kuma a naɗa a SSD, disk mai sauri, kada a naɗa a tsohon had disk, ba zai iya ba.

Mai Tace Bidiyo, Obalende

Baba, a gafarce ni, a nan ƙarshen ban yarda ba. Bidiyo mai 40 Mbps megabait 5 ne kawai a daƙiƙa, had disk mai juyi 5400 ma yana rubuta ninkin wannan sau da yawa. Inda ake samun matsala shi ne wasan da naɗin su haɗu a kan had disk ɗaya, kan allurar yana gudu tsakanin karanto taswira da rubuta bidiyo. Wasan a SSD, naɗin a had disk na biyu, lafiya ƙalau. Abin da za a kiyaye shi ne filas ko disk mai tsarin FAT32, fayil ɗaya ba ya wuce 4GB a kansa. A mayar da shi NTFS ko exFAT.

Lissafin wuri kuma: 40 Mbps na awa ɗaya gigabait 18 ne, 20 Mbps gigabait 9.

Baban Khalifa, Idi-Araba

Na karɓi gyara. Disk ɗaya nake nufi, kuma yawancin laftop ɗin yaran nan disk ɗayan ke gare su.

Ummi, Alaba Rago

Ku ƙara da launi, tunda ba wanda ya taɓo shi. Idan bidiyo ya fito fari-fari kamar an wanke shi da omo, ko wurare masu duhu suka koma baƙi ƙirin, a duba Advanced: tsarin launi NV12, Rec. 709, zango Limited. Mutane suna ganin Full su ɗauka ya fi, alhali yawancin manhajojin kallo da na tacewa Limited suke tsammani. In HDR, saitin ƙarin haske da launi, a kunne yake a Windows, a kashe kafin naɗi.

Wajen kamo hoton, Game Capture ya fi Display Capture sauƙi ga na'ura, kuma ba ya kamo saƙonnin da suke faɗowa a allo. In ya ba ka baƙin allo a laftop mai kati biyu, OBS ne yake kan Intel wasan yana kan NVIDIA. Shiga saitin Graphics na Windows ka ɗora OBS a kan babban katin.

Murya kuma: 48 kHz a OBS da Windows duka, makirfo a layinsa daban, sautin wasa a nasa. Ga mai janareta a bayan taga, sa tacewar rage hayaniya ta RNNoise a kan makirfon, ka matso da shi kamar taƙi ɗaya daga baki ka rage ƙarfinsa. Ƙarar janaretan maƙwabci ba ta fita duka, amma tana komawa can ƙasa.

Ɗan Agege

Na gwada. CQP 18, NVENC, wasa a 60, Stats ya nuna sifili a layi biyun, ciyawa ta fito ɗaya-ɗaya. Amma da na ɗora a YouTube ta sake damewa, a WhatsApp kuwa ba a magana.

Mai Tace Bidiyo, Obalende

Wannan ba laifin naɗinka ba ne, su ma sake matsewa suke yi. A WhatsApp tura shi a matsayin Document, yana ɗaukar har 2GB kuma ba ya taɓa shi.

YouTube kuwa shawarar da suke bayarwa ga 1080 mai firem 60 ita ce 12 Mbps, ga 1440 kuma 24. Ga wasan ƙwallo ka haura wannan, kada ka gaza. Dabarar da ta fi aiki: wajen fitarwa daga manhajar tacewa ka ɗaga bidiyon zuwa 2560×1440 ko da a 1080 ka naɗa. Ba ƙarin kyau ɗagawar take yi ba, amma YouTube yana ware wa 1440 bitret mafi yawa, kuma galibi da tsarin VP9 yake matse shi. Danna dama a kan bidiyon ka buɗe Stats for nerds: in ka ga avc1 shi ne mai dame ciyawa, vp09 ko av01 ake so. Kuma ka ba shi lokaci, da farko ƙaramin hoto yake fitarwa kafin ya gama sarrafa babban.

Saboda data, wuce da shi ta manhajar matse bidiyo HandBrake tukuna, lambar inganci RF 20, firem a kan Constant. Wannan na ƙarshen shi ne kuma maganin murya da take rabuwa da hoto ga masu naɗa da Xbox Game Bar, domin shi firem ɗinsa ba tsayayye ba ne. Gigabait 1 a kan layin da yake ɗorawa da 5 Mbps kusan minti 27 ne, sai ka san girman da za ka iya jira.

Auta, Mile 12

QuickSync ya fito, 720 a firem 60 yana ɗan cijewa, da na mayar 30 ya tsaya cak. RAM ɗin kuwa sanda ɗaya ce, Yaya. Wace iri zan nema?

Mai Gyara, Ikeja

Sa manhajar CPU-Z ka duba ko DDR4 ce da gudunta, sannan ka tabbata akwai gurbi na biyu, domin wasu siraran laftop an like RAM ɗinsu a jikin allon ciki. In akwai, nemi mai girma ɗaya da gudu ɗaya, ka tafi da laftop ɗin a sa a gabanka, ka ga CPU-Z ya nuna hanya biyu kafin ka biya. Daga nan sai ka sake gwada 60.