Katun ɗina na 'yan majalisa ya cije, a taimaka da shawara

Mai Zane Fagge: Salam 'yan uwa. Wata 5 ke nan ina fama da wani katun mai motsi, minti 3 kacal, a kan 'yan majalisar da ake toshe wa baki. Abin yana raina tun 2016 da aka dakatar da Abdulmumin Jibrin kwana 180 na zaman majalisa kan maganar cushe a kasafin kuɗi, sai ga Sanata Abdul Ningi a 2024, wata 3, bayan hirarsa da BBC Hausa. Ni kaɗai nake komai a manhajar haɗa katun ta Blender, da wata laftof ta hannu da na saya a Beirut Road. Zane 12 a kowace daƙiƙa, ku lissafa, 2,160 ke nan, kuma sai dare in an kawo wuta. A labarin, duk wanda ya miƙe zai yi magana, sai makirufonsa ya rikiɗe ya zama kwaɗon kulle ƙofa ya datse masa leɓe. Yanzu mai yi min murya ya janye, wai jarumin jar hula gare shi, za a ce aikin Kwankwasiyya ne. Wallahi don ta fito sosai a kan korayen kujeru na sa ja. Kuma dole sai na kai Hukumar Tace Fina-finai, ko abin YouTube ba ruwanta? Barci ya gagare ni.

Tsohon Edita, Zoo Road: Ƙanena, tun ran gini tun ran zane. A Kano babu hular da ba ta da ubangida. Mayar da su dabbobi kawai, kura a kujerar shugaba, Gizo yana ɗauke da sandar majalisa. Wa zai kai kura ƙara? Ka san sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015? Da shi ake ɗauke mutane.

Uwar Biyu: Wa ya toshe musu baki? Namu tun da ya raba mana taliya da atamfa ba mu sake ganin ƙeyarsa ba. Kwatar layinmu ce a toshe, ita za ka zana.

Ɗan Farm Centre: Bar hular, oga. Rigimar ce za ta kawo masu kallo.

Mai Zane Fagge: Yaya Edita, na gode, amma in na sa dabbobi ya koma tatsuniyar yara. Kuma zane 1,400 na riga na gama, in zubar?

Tsohon Edita, Zoo Road: Zubar! Ni na taɓa yanke aikin wata 2 saboda furodusa ya ji tsoro, har yau bai cika min kuɗina ba. Kuma me za ka yi da mai murya? Bakin da ke da kwaɗo magana yake? Sa kalangu, an wuce wurin.

Mai Zane Fagge: Ai kafin kwaɗon ya kama sai sun fara "Mai girma shugaba...", a nan daɗin yake. Maganar hukumar fa? Ba wanda ya ce komai.

Uwar Biyu: Jiya ma ruwa har ɗakin yara.