Shawarwarin tsofaffin mashaya ga mai ɗanɗana siga mai tsada karon farko

Da aka tattauna kan yadda mutum zai tunkari siga, wato naɗaɗɗiyar tabar ganye zalla irin ta Kuba ko Nikaragwa, wadda bai taɓa sha ba, bakin tsofaffin mashaya ya zo ɗaya a kan abu guda: kada a haɗiye hayaƙin. A baki ake juya shi a fesar, ba kamar sigari ba. Sun kuma ja kunne cewa a ci abinci tukuna, domin nikotin ɗinta yana da yawa, kuma shan ta da yunwa kan kawo jiri, gumi da tashin zuciya.

Inda suka fi daɗewa shi ne wajen kunnawa. A yanke ɗan bakin kan, wato rufaffen ɓangaren da ake sawa a baki, kaɗan, in an zarce ganyen waje zai warware. Sannan a riƙe ƙasanta, wato ɗaya ɓangaren, kusa da harshen wuta ana jujjuyawa har gefen ya yi ja ko'ina, kafin a zuƙa. Zuƙa ɗaya a minti ta isa. Gaggawa tana sa ta zafi da ɗaci, kuma a ganina nan ne sabon shiga ya fi yin asarar kuɗinsa.

An ɗan yi saɓani kan launi. Wasu na tsoron ganyen waje mai duhu, suna ganin ya fi ƙarfi, amma masana cikinsu suka ce ƙarfin yana cikin ganyen ciki. Wadda aka sayo sabuwa, a bar ta ta huta 'yan kwanaki a akwati mai danshi kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari.

Wani ya tunatar, kuma na yarda da shi, cewa ko ba a haɗiye hayaƙin ba, tana jawo kansar baki da maƙogwaro.